Giyar otomatik ta fara gardama a tsohuwar a-kori-kura: a gyara, a sayo Beljiyam, ko a koma manuwal?

Giyar otomatik ba ta cika mutuwa rana ɗaya ba. Sai ta fara jinkirin shiga D da safe, ko ta riƙa bugawa in za ta tashi daga ɗaya zuwa biyu, ko injin ya yi ta kuka a kan titin Jega zuwa Birnin Kebbi amma motar ta ƙi ɗaukar giyar ƙarshe. Da ka shiga gareji shawara za ta rabu. Wani ya ce a canza mai, wani ya ce a sauke a buɗe, wani ya ce a aika Legas a kawo Beljiyam, wato tsohuwar giyar da aka shigo da ita daga waje, wani kuma ya ce a huta da wahalar a sa manuwal. Kowace shawara tana da inda ta dace. Abin da ke cinye kuɗin masu mota shi ne ɗaukar wadda ba ta dace da ciwon ba: a sauke giya lafiyayya saboda sensa ɗaya, ko a yi ta zuba sabon mai a giyar da faibarta, wato faifan kulocin da ke cikinta, ta riga ta ƙone.

Bayanin zai fi karkata ga Toyota, domin Hilux da 'yan uwanta Tacoma da Tundra su aka fi gani a hannun manoma da 'yan kasuwar Kebbi da Zamfara. Yawancin tsofaffinsu suna ɗauke da giyar kamfanin Aisin mai lamba A340, mai hawa huɗu: A340E a motar da ba ta da fowil, A340F a mai fowil. Waɗanda suka biyo baya, musamman masu injin V6 daga wajajen 2005, suna da A750 mai hawa biyar. Mai Nissan ko Mitsubishi ko Ford zai ga tsarin tunanin ɗaya ne, lambobi da irin mai ne suka bambanta.

Abin da za a auna kowane zaɓi da shi

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin kaya kaɗai ba. Ka haɗa da ladan bakanike, man giya, kuɗin motar da za ta kawo kayan, da kwanakin da motarka za ta yi a gareji. Motar da ke ɗibar shinkafa daga fadamar Suru ko albasa daga Aliero, in ta kwanta mako biyu a tsakiyar kaka, asarar ta fi ta gyaran. Farashin kayan yana bin dala, don haka a nan an jera zaɓin ne daga mai araha zuwa mai tsada. Ka tambayi kuɗin giyar Beljiyam a ranar, ka auna sauran da shi.

Na biyu ƙarko. Na uku sauƙi: akwai wanda ya iya aikin kusa da kai, kuma ana samun kayan? Na huɗu haɗari, wato yiwuwar ka biya ciwon kuma ya dawo, ko motar ta tsaya maka a inda ba ka so. Wanda ke bin hanyoyin dajin Zamfara ya san wannan mizani ya fi duk sauran nauyi.

Amma babu mizanin da zai amfane ka in ba ka san inda ciwon yake ba, a wajen giya ko a cikinta. Wannan binciken ba ya cin yini guda, kuma ba ya buƙatar a kwance noti ɗaya na sauke giya.

Bincike kafin a taɓa sifana

A fara da mai. A tuƙa motar kamar minti 15 zuwa 20 har man ya yi zafi, a tsayar da ita a wuri mai lebur, injin yana silo, a taka birki a bi da liba daga P zuwa L a dawo P, sannan a zaro gejin. Man ya tsaya tsakanin alamomin da aka rubuta HOT. In ya gaza, fanfo zai riƙa zuƙar iska, giya ta yi jinkiri ta kuma sulluɓe. In ya wuce, zai yi kumfa, sakamakon ɗaya ne. Yawancin A750 ba su da geji. Ana auna su ta wani noti a ƙasan kwano, injin yana aiki, man yana kan wani zafi takamaimai da ake karantawa a kwamfutar bincike. Wanda ya cika ta da ido kawai zai bar ta a ƙasa ko a sama.

Sai a ɗiga man a farar takarda a shinshina. Ja, ko ja mai duhu ba tare da ƙauri ba, tsufa ne kawai. Baƙi mai warin ƙuna yana nufin faiba ta sha wuta. In ya koma ruwan hoda mai kauri ya yi madara-madara, ruwa ya shiga, ko dai daga lagireto inda bututun sanyaya man giya ke ratsawa, ko ta bututun numfashin giya lokacin tsallaka ruwa a fadama. Nissan Frontier na 2005 zuwa 2010 sun yi suna da fashewar wannan bututu na cikin lagireto. Ruwa yana sakin gam ɗin da ya manne faiba da ƙarfenta, shi ya sa canjin mai ba ya cika ceton giyar da ta jima da ruwa a ciki.

Daga nan a ƙirga lokaci. Mota da zafinta, tana silo, a ja liba daga N zuwa D: Toyota ta ce kada ya kai daƙiƙa 1.2 kafin ka ji ta kama, daga N zuwa ribas kuma kada ya kai 1.5. In tana jinkiri da sanyin safiya kawai amma ta daidaita in ta yi ɗumi, ka zargi ƙarancin mai, toshewar filta, ko robobin ciki da suka bushe. In jinkirin yana ƙaruwa ne da zafi, ciki ya fara cinyewa.

Sai lambobin laifi. Motocin Amurka daga 1996 zuwa sama suna da soket ɗin OBD2, inda ake jona kwamfutar bincike, kuma masu kwamfutar bincike suna nan a Gusau da Birnin Kebbi. P0500 da P0720 sensar gudu ce, P0705 suwic ɗin da ke gaya wa birenbos (kwamfutar motar) inda liba take, P0753 da P0758 solinoyid (bawul ɗin wuta mai canza giya) na ɗaya da na biyu, P0741 makullin kwanbata (kwanbata ita ce ke haɗa inji da giya ta hanyar mai), P0730 kuma yana cewa giya tana sulluɓewa. Tsofaffin Toyota da suka riga OBD2 ba sa buƙatar kwamfuta: a haɗa ramukan da aka rubuta TE1 da E1 da guntuwar waya a akwatin bincike, a kunna makulli, fitilar O/D OFF (O/D ita ce giya ta huɗu) za ta riƙa ƙiftawa da lamba. 42 da 61 sensar gudu, 62 da 63 solinoyid, 64 makullin kwanbata. Lamba tana nuna layin da ke da matsala ne, ba lallai kayan da kansa ba. Motar da ke kwana da hatsi ɓeraye na cin wayarta, kuma laka na cika soket ɗin da ke gefen giya. A duba waya, fiyus, ƙarfin batir da wayar at, mai kama jikin mota, kafin a sayi komai.

Akwai gwaji guda a A340 da ke raba gardama, kuma mutane ƙalilan ne ke yin sa. A zare soket ɗin solinoyid a gefen giya, a tuƙa motar ana canza liba da hannu. A wannan hali L zai ba da giya ta ɗaya, 2 zai ba da ta uku, D zai ba da ta huɗu, ribas kuma yana nan yadda yake. In kowanne ya kama da ƙarfi ba sulluɓewa, cikin giyarka lafiya lau, ciwon na wuta ne. In ta sulluɓe ko a haka, ciki ne. Dalili kuwa shi ne solinoyid biyu ne ke tsara hawan: na ɗaya a kunne shi kaɗai giya ta ɗaya, duka biyu a kunne ta biyu, na biyu shi kaɗai ta uku, duka a kashe ta huɗu. Shi ya sa motar da wuta ta yanke wa giya take tashi da nauyi a D kamar an ɗaure ta, amma in ka sa L ta ja da kyau. Masu mota da yawa sun sayi giya a kan wannan, alhali waya ce.

Wasu alamomin da ke kama da ciwon giya amma ba shi ba ne. Motar da ta ƙi shiga giya ta huɗu da safiyar hunturu: birenbos ba ya barin ta shiga sai ruwan injin ya kai kimanin digiri 60, kuma in an cire tamostat, kamar yadda ake yawan yi a nan, ko sensar zafi ta lalace, za ta daɗe ba ta shiga ba. Karkarwa a gudun kilomita 60 zuwa 80 da ɗan totur: ka taɓa birki kaɗan da ƙafar hagu ba tare da sakin totur ba, in ta ɗauke, makullin kwanbata ne ko tsohon mai, in ba ta ɗauke ba ka duba filogi da kwayil. Injin da ya rasa ƙarfi saboda fanfon fetur ko toshewar salansa yana sa direba ya danne totur, giya kuma ta jinkirta canji. Mai fowil da ta ƙi motsi a kowace giya, a fara duba ƙaramar libar ko ta zauna a N.

Na ƙarshe, a sauke kwanon ƙasa. A A340 noti 19 ne ke riƙe da shi. Laushin toka-toka a jikin maganaɗisu ba komai ba ne. Ɓarɓashi baƙi faiba ce. Tsinken ƙarfe mai sheƙi boris ne ko haƙoran ciki. Ƙura mai launin zinariya bushin ne ko wosha. Abin da ka gani a kwanon nan shi zai zaɓa maka ɗaya daga cikin hanyoyi biyar.

Zaɓi na ɗaya: mai, filta da gyaran waje

Wannan ya fi kowanne araha kuma ana gama shi cikin yini. Ya haɗa da canjin mai, wanke ko canza filta, sauya sensa, gyaran waya, da daidaita kebul.

Irin man yana da muhimmanci fiye da sunan kamfanin. Tsofaffin A340 suna shan Dexron II ko III, na baya-bayan nan T-IV, yawancin A750 kuma WS. Sau da yawa an buga sunan a jikin gejin. Man CVT (wata irin giyar otomatik daban), baƙin mai da man aksul ba su da wuri a nan, haka ma man birki da wasu ke ɗigawa don ya kumbura robobi. Yana kumbura su na ɗan lokaci sannan ya ruɓar da su. Jabun mai ya cika kasuwa, a sayi wanda ke rufe a galan ɗinsa.

Giyar tana ɗaukar lita 7 zuwa 10 gwargwadon motar, amma lita 2 zuwa 4 kawai ke fita ta notin ƙasa, sauran yana cikin kwanbata. Don haka ana zubarwa a cika, a yi kwana biyu ana tuƙi, a sake, har sau uku. In kowane karo kashi ɗaya cikin uku ya fita, bayan na ukun kusan kashi 70 cikin 100 sabo ne. A auna abin da ya fita a mayar da daidai shi. Wajen mayar da kwano, gam siriri ake shafawa, domin rarar da ta matso ciki tana ɓallewa ta toshe bawul, kuma notin ba sa son ƙarfi, kimanin 7 N·m ne a sifana mai ma'auni.

Maganar da ake yi cewa canjin mai yana kashe giya tana da tushe, amma an juya ta. In faiba ta riga ta cinye, ƙurarta da ke yawo a tsohon man ce ke ba ta ɗan riƙo. Sabon mai ya zo ya fallasa abin da ya riga ya faru. Giyar da man ta bai ƙone ba canji ba ya cutar da ita.

Tsofaffin A340 suna da kebul da ya taso daga totur zuwa giya, shi ke ƙara matsin mai. In an danne totur har ƙasa, tazarar da ke tsakanin bakin robar da ƙullin da ke jikin kebul ya zama 0 zuwa milimita 1. In ya yi tsauri giya za ta riƙa bugawa. In ya saki za ta riƙa canji da laushi, direba ya ji daɗi, faiba kuwa tana ƙonewa a hankali. Duk wanda aka yi wa aikin inji ya duba wannan kebul ɗin.

Ƙarkon wannan zaɓi cikakke ne in ciwon na waje ne. Haɗarinsa kaɗan ne, sai dai in kwano ya nuna ɓarɓashi, to kuɗin man asara ne. Motar da ke tafiya da sanyi, bayan minti 20 ta tsaya, a kashe ta ɗan huta ta sake tashi, filtarta ce ke toshewa da tarkace. Sabuwar filta za ta kai ka gida, ba za ta warkar da abin da ke zubar da tarkacen ba.

Zaɓi na biyu: solinoyid da bawul bodi

Ana yin sa ta ƙasa ba tare da sauke giya ba. Solinoyid na canji a A340 ya nuna om 11 zuwa 15 a mita, ya yi ƙas in an ba shi wutar batir, kuma kada ya bar iska ta wuce inda ya kamata ya rufe. Wani zai ba da om daidai amma ƙurar ƙarfe ta toshe shi, don haka mita kaɗai ba ta isa ba. Solinoyid masu daidaita matsi, irin SLT da ke sababbin A340 da A750, om ɗinsu wajen 5 ne. Ba a haɗa su da batir kai tsaye sai an ratsa ƙwan fitila a tsakani.

Bawul bodi kuwa, wato sashen da ke rarraba mai a cikin giya, aikin natsuwa ne. Cikinsa akwai ƙananan ƙwallaye da sifirin da kowanne ke da gurbinsa, kuma ɗaya in ya ɓata ko ya sauya wuri giya za ta rasa hawa. A ɗauki hoto kafin a taɓa komai, a yi aikin a kan tebur cikin ɗaki, ba a ƙasa cikin ƙurar hunturu ba, kuma ba a goge shi da tsumma mai zare. Kuɗinsa matsakaici ne. Yana maganin bugu, makalewa a giya ɗaya, da injin da ke mutuwa in an tsaya saboda makullin kwanbata ya ƙi saki. Ba ya maganin ƙonanniyar faiba. Babban haɗarinsa hannun da bai saba ba.

Zaɓi na uku: a sauke a yi obahol

In an yi shi yadda ya kamata, babu zaɓin da ya kai shi ƙarko, domin ka san abin da ke cikin giyarka. Matsalar ita ce abin da ake kira obahol a gareji da yawa canjin faiba ne kawai, wani lokacin ma faibar da aka ciro daga wata matacciyar giya. Robobin fistin da suka bushe su ne suka zubar da matsi har faibar ta ƙone. In aka mayar da su, sabuwar faiba za ta bi ta farko cikin 'yan watanni.

Cikakken aiki ya ƙunshi faiba da farantan ƙarfe, duk robobi da sil, bel ɗin birki na ciki, bushin da wosha, duba boris da kuloci mai juyi gefe ɗaya, da duba fanfo. Ana jiƙa sabuwar faiba a man giya aƙalla minti 15 kafin a jera ta. Ana auna tazarar kowane jeri da ma'auni, ba da yatsa ba, a kuma hura iska a ga kowane fistin yana motsi kafin a rufe. Kwanbata a rufe take da walda, ba ta wankuwa ta baki. In giya ta zubar da ƙarfe, sai a canza ta.

Kafin ka yarda, ka tambayi bakaniken a fili: Oga, kit ɗin sabo ne a ledarsa? Zan gan shi kafin a buɗe? Tsofaffin kayan da aka cire za a ba ni? Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Kuɗin obahol na gaskiya yana kusantar na Beljiyam, wani lokacin ya wuce, musamman a A750. Yana cin kwanaki, kuma ƙwararrun sun fi yawa a Kano, Kaduna da Abuja. In za a kai motar can, a ɗora ta a janwe ko a cire farfela, domin fanfon giya ba ya aiki in inji a kashe yake, jan ta a kan tayoyinta mai nisa yana ƙarasa ta.

Zaɓi na huɗu: giyar Beljiyam

Wannan ne ya fi sauri, kuma shi mutane suka fi bi. Ana samun ta a Ladipo ta Legas, Ƙofar Ruwa ta Kano, Panteka ta Kaduna da Apo ta Abuja. A340 giya ce mai jure wahala, don haka wadda ta fito daga motar da aka kula da ita za ta iya yin shekaru. Amma sayenta ta waya cinikin biri a sama ne: ba ka san tafiyar da ta yi ba, kuma akwai waɗanda ke wanke giyar da ta gama aiki a nan gida su sayar da ita a matsayin ta waje.

Abu na farko shi ne dacewa. Sunan A340 ɗaya ne amma bakin da ke haɗuwa da inji ya bambanta tsakanin 3RZ, 2TR, 5VZ da injinan dizal, kwanbatar fetur ba ɗaya take da ta dizal ba, wata tana da kebul wata ba ta da shi, yawan sensa da ƙafafun soket ma sun sha bamban. A ɗauki hoton farantin lambar da ke jikin tsohuwar, da soket ɗinta, da wutsiyarta, ko ma a tafi da ita gaba ɗaya a jera su.

Na biyu, a buɗe kwano kafin a biya, a shinshina, a dubi maganaɗisu. Sabon gam a haɗin jikinta da kawunan noti da suka sha sifana suna nuna an taɓa buɗe ta. A rubuta garanti a rasit, a kuma yarda cewa kwanakin za su fara ne daga ranar da aka ɗaura, domin garantin mako ɗaya zai iya ƙarewa a hanya kafin kaya su iso Argungu.

Wajen ɗaurawa ake kashe giya masu kyau da yawa. Kwanbata ana fara zura ta ne a jikin giya, ana juyawa ana turawa har ta zauna a matakanta duka, sannan a ɗaga giyar zuwa inji. In ba ta zauna ba aka ja da noti, fanfo zai fashe tun kafin a tayar da mota. A canza sil na gaba da na baya da filta, a duba sil ɗin bayan inji tunda hanya ta buɗe.

Zaɓi na biyar: komawa manuwal

Wannan canjin tsari ne, ba gyara ba. Ana buƙatar giyar manuwal da ta dace da injin, irin W59 ko R150 ko R151, da fulawil da notinsa, faranti da murfin kuloci, boris na tsakiya, fedar kuloci, fanfon kuloci na sama da na ƙasa, liba, sau da yawa har farfela da ƙarfen da giya ke zama a kai. Rewaya zai haɗa wayar kik, kuma ya fi kyau ya bi da ita ta suwic ɗin kuloci don kada mota ta tashi a cikin giya, ya haɗa fitilar ribas da sensar gudu. Birenbos na otomatik zai ci gaba da neman solinoyid yana kunna fitila. A sababbin motoci sai an canza shi tare da makullin motar.

In aka sayo komai daga mota ɗaya aikin yana fita da kyau. In aka tsinto daga wurare daban-daban, aka yanke farfela aka yi walda ba tare da daidaitawa ba, motar za ta riƙa karkarwa tana cin boris. Yawanci ya fi kowane zaɓi tsada a tashin farko. Ribarsa tana gaba: duk bakaniken da ke Bunza ko Shinkafi zai iya canza kuloci, ana iya tura motar ta tashi in batir ya mutu, kuma babu sauran fargabar man giya mai tsada.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Mai, filta, gyaran waje | Mafi araha | Cikakke in ciwon na waje ne | Yini ɗaya, ko'ina | Jabun mai, mai marar dacewa |
| Solinoyid da bawul bodi | Matsakaici | Mai kyau in faiba na da rai | Yini ɗaya ko biyu, sai mai natsuwa | Ƙura, ɓatan ƙwallo |
| Obahol | Mai tsada | Mafi daɗewa in an yi cikakke | Kwanaki, ƙwararru kaɗan | Rabin aiki, tsohuwar faiba |
| Beljiyam | Mai tsada | Ya danganta da wadda aka samu | Mafi sauri a manyan gyara | Rashin dacewa, ta gida da aka wanke |
| Manuwal | Yawanci mafi tsada | Mai daɗewa, kuloci ke cinyewa | Doguwar hidima, gyara mai sauƙi daga baya | Haɗe-haɗe, matsalar wuta |

Akwai aikin da teburin bai nuna ba, kuma ya hau kan zaɓi na uku da na huɗu. Tarkacen tsohuwar giya yana nan kwance a bututun sanyaya mai da cikin lagireto. In ba a wanke su an hura iska har sun fita fes ba, ko an canza lagireton, minti na farko da aka tayar da mota zai koma cikin sabuwar giya. Kuma zafi ne ke kashe otomatik a ƙasar nan. Daga Maris zuwa Mayu ana wuce digiri 40, ga lodin da ya fi ƙarfin mota, ga yashi. Ƙaramin lagireton man giya da ake ɗaurawa a gaba ba shi da tsada idan aka kwatanta da giya, kuma duk motar lodi tana buƙatarsa. Direba ya kashe O/D in motar tana kai-komo tsakanin uku da huɗu da kaya, ya sa L4 (ƙaramar giyar fowil) a yashi da laka maimakon danne totur, ya tsaya cak kafin ya sauya daga D zuwa ribas.

Wanne ya dace da wa

In man ja ne ko ya ɗan yi duhu, kwano ba ɓarɓashi, kuma gwajin zare soket ya nuna giya na kamawa, kada ka bari a sauke ta ko da wa ya ce. Zaɓi na ɗaya, in bai isa ba na biyu.

In man ya ƙone, motar ta gida ce ko ta ofis da kake son riƙewa shekaru, jikinta da injinta lafiya, kuma ka sami wanda aka shaida da aikin otomatik, obahol cikakke da sabuwar kwanbata ya fi maka.

In kwano ya nuna ƙarfe, ko ruwa ya daɗe a ciki, ko kuma kaka ta kama ba ka da kwanakin jira, Beljiyam, amma ka je da kanka ko ka aika bakaniken da zai ɗaura ta, don kada mai kaya da mai ɗauri su riƙa jefa wa juna laifi.

In motar ta ƙauye ce, kullum cikin lodin buhuna tsakanin gona da kasuwa, direbobi suna canzawa, gari mai ƙwararren otomatik yana da nisa, kuma giyar ta riga ta mutu, manuwal daga mota ɗaya shi ne zai rage maka zaman gareji.

In kuwa shasi ya tsatsa, injin yana shan baƙin mai, kuma niyyarka sayarwa ce, kada ka zuba kuɗin obahol ko manuwal. Ka gyara abin da ke waje, ka gaya wa mai saye halin da giyar take ciki, ku yi ciniki a kan haka.